Masu Atisaye A Sama, Akwai Mutane A Ƙasa

Duk wanda jirgin yaƙi ya taɓa wucewa ta kansa ƙasa-ƙasa ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan magana. Jirgin fasinja tun yana nesa ake jin gurnaninsa, a ɗaga kai a neme shi, yara su yi ta ɗaga masa hannu. Shi kuwa wannan ba ya sallama. Mutum na duƙe yana noma, ko mace na bakin murhu, sai kawai a ji kamar sama ta tsage, kafin a ɗaga kai ya ɓace, ya bar mutum da ƙara a kunne da bugun zuciya. Jariri ya farka da ihu, kaji su watse, jaki ya yar da kaya, shanun huɗa su fizge igiya su ja garma cikin shukar maƙwabci. Matuƙin da ke ciki bai san an yi ba. A wajensa darasi ne na daƙiƙa biyu ya wuce, alhali a ƙasa ya bar aikin yini guda, wani lokaci ma asarar shekara.

Ya kamata 'yan uwa matasa, musamman na Ɗanbatta da maƙwabtanta irin su Makoɗa, Minjibir da Kazaure, su san cewa wannan batu ya shafe su. Makarantar koyon tuƙin jirage ta 403 ta mayaƙan saman Nijeriya, wadda a da ake kira 303, a Kano take, gefen filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. A nan ne aka yi shekaru ana koya wa matasan hafsoshi tuƙin jirgin L-39, ƙirar tsohuwar ƙasar Cakoslobakiya, wanda Nijeriya ta fara sayowa a shekarun 1980. Daga wannan fili zuwa Ɗanbatta, a miƙe ta sama, bai kai kilomita 50 ba. Jirgin da ke gudun kilomita 600 a awa yana cinye wannan tazara cikin minti biyar. Tafiyar da direban haya ke yi ya tsaya ɗaukar fasinja ya sake tsayawa, shi matuƙin jirgi kafin ya gama daidaita zama ya iso.

Kuma abin da zai iso ya tarar ba daji ba ne. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Ɗanbatta na da mutane sama da 200,000 a kan ƙasar da ta ɗan haura murabba'in kilomita 700, wato wajen mutum 280 a kowane murabba'in kilomita, kuma an yi ta haihuwa tun daga wancan lokaci. Wannan yanki na arewacin Kano ƙasa ce da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Ka bar wannan unguwa, kafin muryar ladaninta ta ɓace maka ka fara jin ta gaba. Ga masu noman rani da masunta a madatsar ruwa ta Tomas, ga ɗalibai a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, ga kasuwar Lahadi da ke tara dabbobi da fatake daga nesa. Duk inda aka ja layi a taswira a wannan yanki aka ce nan jirgi zai sauko ya yi atisaye, to a kan rufin wani aka ja shi.

Shekara 100 ke nan da ɗoriya jirgin soja na shawagi a sararin Kano. Jiragen farko da suka sauka a garin, a watan Nuwamba na 1925, na mayaƙan saman Ingila ne, guda uku, daga Masar suka taso. Ba a nemi shawarar kowa ba a lokacin, domin mai mulkin mallaka ba ya neman izinin wanda ya mallaka. A 1964 Nijeriya ta kafa nata mayaƙan saman, Jamusawa suka taimaka wajen horar da su. Tuta ta canja, matuƙa suka zama 'ya'yan ƙasa. Abin tambaya a nan shi ne, shin kallon da ake yi wa mutumin da ke ƙasa ya canja?

Adalci ne a faɗi dalilin da ya sa soja ke sauko da jirgi. Na'urar hango jirage, wato rada, a miƙe take gani, ba ta leƙa bayan dutse ko tudu, kuma da yake duniya a lanƙwashe take, jirgin da ya yi ƙasa sosai ba ya bayyana mata sai ya matso kusa. Saboda haka matuƙin da ke son ya kuɓuce wa abokan gaba dole ya iya bin ƙasa. Wannan kuwa gwaninta ce da ba a koyonta a allo. A gudun kilomita 600 a awa jirgi na cin fiye da mita 160 a daƙiƙa ɗaya, wato filin ƙwallo ɗaya da rabi kafin a ƙifta ido. Wanda bai saba ba, kuskure ɗaya ya ishe shi. Haka kuma babu mai musun cewa ƙasar nan na buƙatar matuƙa ƙwararru. Mutanen Zamfara, Katsina da Sakkwato sun san abin da 'yan bindiga suka yi musu, kuma a ƙarshen 2025 hare-haren sun tsallako har Shanono da Tsanyawa a cikin Jihar Kano. Matuƙan nan su ma 'ya'yan mutane ne, da yawansu daga gidajen talakawa suka fito, wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. Ba wanda ya ce kada su koya. Maganar ita ce a ina, a wane tsayi, a wane lokaci, kuma wa zai biya in an yi ɓarna.

A dokokin sufurin sama na duniya, jirgin farar hula ba ya sauka ƙasa da mita 300 a kan gari ko taron jama'a, ko ƙasa da mita 150 a sauran wurare, sai dai wajen tashi da sauka. To amma yarjejeniyar Cikago ta 1944, wadda aka gina waɗannan dokoki a kanta, ta cire jiragen soja daga cikin hukuncinta, ta bar wa kowace ƙasa ta tsara wa sojanta. Ma'ana, wanda ke tuƙa jirgin da wanda ke yanka masa iyaka duk gida ɗaya suka fito. In jama'ar da ke ƙasa ba su da baki a maganar, to babu mai tuna wa kowa da su.

Cutarwar kuwa ba ƙarama ba ce. Masana lafiyar kunne na auna ƙara da ma'aunin desibel. Ƙarar da ta kai 85, in mutum ya daɗe a cikinta, tana rage masa ji. A wajen 120 kunne ke fara ciwo. Jirgin yaƙi da ya wuce ƙasa-ƙasa yana iya haura 110, kuma babban sharrinsa shi ne zuwan ba-zata, domin jiki bai shirya ba. Binciken da aka yi a Jamus a shekarun 1980 ya nuna irin wannan ƙara na sa jinin tsofaffi hawa nan take, kuma tana taɓa kunnuwan yara. Dabba ta fi mutum firgita. Kaji a gidan kiwo sukan ruga lungu ɗaya su danne juna su mutu. Garke kan watse, makiyayi ya yini yana nema, in kuwa shanun suka faɗa gonar wani, rigimar da za ta biyo baya kowa ya san irinta, kuma a gaban dagaci ba za a ga jirgin ba, manomi da makiyayi za a gani suna nuna wa juna yatsa. Ga mai amalanke da jakinsa a kan titi, ga yaro a kan doki, ga ginin ƙasa da ya sha ruwan Agusta wanda ba ya son girgiza. Mai kuɗi zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. Wanda tunkiya biyu ce jarinsa ba zai faɗi haka ba.

Yana da kyau 'yan uwa su ji yadda ta kaya a wasu ƙasashe, domin akwai darasi. A shekarun 1980 babu ƙasar da ta sha wannan masifa kamar Jamus ta Yamma, inda jiragenta da na ƙawayenta na ƙungiyar NATO ke saukowa har mita 75 a wasu yankunan karkara. Mutanen ƙauyuka suka kafa ƙungiyoyi, suka riƙa rubuta lokacin wucewar kowane jirgi, suka shiga kotuna. Ranar 8 ga Disamba 1988 wani jirgin yaƙin Amurka ya faɗa cikin unguwa a garin Remshaid, ya kashe matuƙinsa da wasu mazauna wajen. A 1990 gwamnatin ƙasar ta ɗaga mafi ƙarancin tsayin da aka yarda zuwa mita 300.

To ina suke kai atisayen da ba za su iya yi a gida ba? Can arewacin Kanada, yankin Labrado, ƙasar wata al'umma marar yawa da ake kira Innu, waɗanda rayuwarsu ta dogara da farauta da kamun kifi. Jiragen Jamus, Ingila da Holan, daga baya har da Italiya, suka riƙa shawagi dubbai a shekara a kansu, wani lokaci a tsayin mita 30 kacal, tsayin da bai fi na dogon rimi ba. Hujjar da aka bayar ita ce wai wajen babu kowa. A 1988 mutanen nan, cikinsu har da mata da tsofaffi, suka taka da ƙafa suka zauna a kan titin tashin jiragen. Aka kama su, aka kai kotu, a 1989 alƙali ya sallami huɗu daga cikinsu. Atisayen bai tsaya nan take ba, sai tsakiyar shekarun 2000 ƙasashen suka janye, amma daga ranar babu wanda ya ƙara iya cewa ba kowa a wajen. Abin lura shi ne, ƙarar da Bajamushe ya ce ba zai iya jurewa ba ita aka ɗauka aka kai wa wanda ake ganin ba shi da murya. Haka abin yake a ko'ina: shara ba a zuba ta a ƙofar mai faɗa a ji.

A Italiya kuwa, ranar 3 ga Fabrairu 1998, wani jirgin sojan Amurka da ke atisaye a tsakanin duwatsu, yana ƙasa da tsayin da aka yarje masa kuma yana gudun da ya wuce ƙa'ida, ya tsinke igiyar ƙarfen da ke ɗauke da keken masu hawa dutse a garin Kabalese. Mutum 20 suka mutu. Kotun sojan Amurka ta wanke matuƙin daga laifin kisa a 1999, sai daga baya aka same shi da laifin lalata faifan bidiyon tafiyar. Ita kuwa Ingila, da yake jama'arta ba su yi shiru ba, ma'aikatar tsaronta na wallafa jadawalin ranakun da za a yi atisayen mafi ƙasa a yankuna ukun da ta ware, tana da ofishin karɓar ƙorafi, kuma tana biyan manoma diyyar dabbobin da suka yi asara. Ba don tausayi ta fara ba, matsa mata aka yi.

A dawo gida. Mutanen Kano ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ke faruwa in jirgi ya faɗo cikin mutane. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin fasinja na kamfanin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja jim kaɗan da tashinsa, mutane sama da 100 suka rasu, cikinsu har da waɗanda ke zaune a gidajensu ba su sayi tikitin zuwa ko'ina ba. Allah Ya jiƙansu. Wancan jirgin farar hula ne, amma na soja ma yana faɗuwa a wajen atisaye. Ranar 28 ga Satumba 2018 jiragen yaƙi biyu ƙirar F-7 suka yi hatsari a Abuja suna gwajin faretin bikin 'yancin kai, suka faɗi a yankin Katampe, matuƙi ɗaya ya rasu. Allah Ya tsare ba su faɗa kan gidaje ba. Da a ce a kan kasuwar Ɗanbatta abin ya faru ranar Lahadi da hantsi, da labarin ya sha bamban.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wanda duk da ba a wajen atisaye ya auku ba, tushensu ɗaya. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙin Nijeriya ya jefa bama-bamai a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ƙirga aƙalla mutum 90 da suka mutu. Da hedikwatar tsaro ta fito da sakamakon bincikenta, dalilin da ta bayar shi ne wai ba a nuna sansanin a taswirar aikinsu ba. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya kai hari kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dubban mutane a sansani, amma babu su a taswira! Matuƙin da aka horar a kan cewa abin da ke ƙarƙashinsa fili ne kawai, ranar da aka ba shi bam da wannan idon zai duba. Wanda kuwa tun yana ɗalibi aka koya masa cewa nan makaranta ce, can kasuwa ce, yau Juma'a ce, wancan taron biki ne, to ya koyi abin da zai hana shi zubar da jinin bayin Allah gobe. Ashe kiyaye haƙƙin mutanen ƙasa a lokacin atisaye shi kansa darasi ne daga cikin darussan tuƙi.

A 2025 rundunar mayaƙan sama ta sanar da wani shiri na rage cutar da farar hula a ayyukanta. Madalla da wannan, in har zai wuce takarda. Hanyar gane gaskiyarsa kuwa mai sauƙi ce. Na farko, a bayyana wa jama'a yankunan da ake atisaye da lokutansa. In za a yi gwajin fareti a Abuja akan fitar da sanarwa cewa kada mazauna birnin su firgita. Shin zuciyar mutumin Maitama ta fi ta mutumin Ɗanbatta saurin bugawa ne? A yi sanarwar da Hausa, ta gidajen rediyon Kano da manomi ke saurare, a kuma bi ta hannun hakimai da dagatai. Na biyu, a yanka tsayin da jirgi ba zai sauka ƙasa da shi ba a kan gari, asibiti, makaranta da kasuwa, a faɗe shi kowa ya ji, a kuma kauce wa ranakun kasuwa, lokacin Juma'a da Idi, da tsakar dare. Na uku, a buɗe ofishin da talaka zai kai kuka ba tare da an tsare shi a bakin bariki ana tambayarsa wa ya aiko shi ba. Na huɗu, duk wanda aka yi wa ɓarna a biya shi, domin diyya haƙƙi ce, ba alfarma ba. Na biyar, in an yi bincike a faɗi abin da aka gano da hukuncin da aka yanke. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke tona asirin tsaro. Ɗan bindigar da ke daji bai ƙaru da komai ba don an gaya wa mai kiwon kaji cewa Talata da safe jirgi zai wuce.

'Yan majalisar da ke wakiltar wannan yanki a Kano da Abuja, da shugabannin ƙananan hukumomi, da masu sarauta tun daga mai unguwa har fadar Sarkin Bai, su ne ya kamata su fara yin waɗannan tambayoyi, tun ba a yi asara ba. Ta'aziyya da buhunan shinkafa bayan an binne mutane ihu ne bayan hari.

Su kuwa matasa nasu aikin a fili yake, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Abin da ya ci nasara a Jamus da Kanada rubutu ne da haƙuri da haɗin kai. Duk unguwar da jirgi ya saba saukowa a kanta, a samu littafi ɗaya da mutum biyu masu amana. A rubuta rana da lokaci, daga ina ya fito, ina ya nufa, me ya lalace, su wa suka gani. In dabba ta mutu ko bango ya tsage a kira mai unguwa ya gani da idonsa, a ɗauki hoto da waya. In abin ya taru a rubuta takarda, jama'a su sa hannu, a kai wa dagaci da hakimi da ɗan majalisa, a aika kwafi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kano. Maganar fatar baki iska ke tafiya da ita, amma littafin da ke ɗauke da kwanan wata 40 ba a iya cewa ƙarya ne. Kada a ƙara gishiri, domin ƙarya ɗaya na rusa gaskiya 100. Kada a yaɗa jita-jita a Facebook da WhatsApp cewa an kawo hari alhali jirgi wucewa kawai ya yi, domin turmutsitsin gudu ma yana kisa. A ja wa yara kunne kada su taɓa wani ƙarfe da ya faɗo daga sama ko aka tsinta a gona ba a san asalinsa ba, a sanar da hukuma. In kuma za a yi babban taro da dare a bayan gari, a sanar da 'yan sanda da masu sarauta a rubuce, a riƙe kwafi. Wannan ba ya ɗauke wa mai jirgi nauyin tantance abin da ke ƙarƙashinsa ko kaɗan, amma yana toshe bakin mai cewa bai sani ba.

Da kuɗin jama'a aka sayi jirgin, da shi ake zuba masa mai, da shi ake biyan matuƙin albashi, kuma an ce don kare wannan manomi ake yin atisayen gaba ɗaya. To wanda ake yi domin shi, ai shi ya fi cancanta a sanar da shi, a saurare shi, a kuma biya shi in an taka shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen Ɗanbatta da sauran ƙauyukan arewacin Kano su tabbata sunayen garuruwansu da kasuwanninsu da makarantunsu sun shiga taswirar masu jirage tun yau, kada a wayi gari a ji sunan wani ƙauyensu a rediyo tare da adadin gawarwaki da kalmar kuskure. Allah Ya kiyaye, Ya kuma ba shugabanni ikon riƙe amana.